Ni Na Buɗe Kwaɗon Malam Sale

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe da mai kula da wannan shafi da duk masu karatu, manya da ƙanana. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a daure a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Zagi ba zai ƙara mini komai ba, wanda nake yi wa kaina ya ishe ni. Shawara nake nema, kuma kwana huɗu kacal suka rage mini.

Da za a ce in goge abu ɗaya daga rayuwata, ba zan tsaya tunani ba. Wani kwaɗo ne na buɗe wanda ba nawa ba ne, a sanadin haka mutum ya rasa hannunsa na dama, sannan na bar shi ya ɗauki laifin fiye da shekara ashirin. Har yau bai sani ba. Har yau in ya gan ni sai ya miƙe tsaye ya gaishe ni.

Ni dattijo ne, na haura sittin da biyar, ina zaune a Malali. Na yi aikin gyaran injina a wata masana'antar abincin kaji a arewacin gari, har na zama foman, wato shugaban masu gyara. Karatuna bai wuce firamare ba, sauran duk a gindin inji na koya. Lokacin da aka kafa mana sababbin injina, injiniyan da ya kafa su ya tara mu masu gyara ya raba mana kwaɗo ɗai-ɗai, kowanne da ɗan kati mai ɗauke da sunan mai shi. Ya ce duk wanda zai sa hannu ko ya shiga cikin inji, sai ya fara zuwa babban suwic ya sauke shi, ya maƙala kwaɗonsa ya kulle, ya jefa makullin a aljihunsa, sannan ya dawo ya danna maɓallin kunnawa ya tabbatar injin ya mutu, ya kuma jira har komai ya daina juyawa. Ya ce ko an ɗauke wuta haka za a yi, domin mai kawo wuta ba ya sallama. Ya maimaita mana abu ɗaya har sau uku: ba mai buɗe kwaɗon wani, ko foman, ko manaja, ko mai kamfanin da kansa. Kowane kwaɗo ya zo da makulli uku. Ya ce kowa ya riƙe ɗaya, sauran biyun ni foman in sa guduma in karya su a gaban kowa. Na ce masa to, zan yi da yamma. Ban karya ba. Na zuba su a gwangwanin madara na tura cikin durowata. Wallahi ba da mugun nufi ba, raina ne ya ƙi. Makulli sabo fil a karya shi? Mu da ko ƙusa ta lanƙwashe sai mun miƙe ta mun adana? Na ce wata rana wani zai yar da nasa, sai a gode mini.

A cikin masu gyaran akwai wani da zan kira Malam Sale, ba sunansa ba ne. Bakatsine ne, ya zo Kaduna yana dakon buhuna, ni na jawo shi cikin aikin gyara don na ga yana da natsuwa. Duk cikinmu ba wanda ya riƙe dokar kwaɗon nan kamarsa. Ko bel zai ɗaure sai ya taka har wurin suwic ya kulle. Har tsokanarsa ake yi, a ce, "Malam Sale, ko ruwa za ka sha sai ka sa kwaɗo?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Ku dai yi ta dariya, ni ɗiyana ƙanana ne." Ni kaina ina cikin masu dariyar. Ku riƙe wannan, domin shi ne abin da ya fi ci mini rai: mutumin da bai taɓa mantawa ba shi na mayar mai mantuwa.

Akwai kuma wani laifin da na riga na yi kafin ranar. Injin cakuɗa abincin, wanda muke kira miksa, wani ƙaton ƙarfe ne kamar kwale-kwale a saman bene, da wuƙaƙe masu juyawa a cikinsa. Sitatarsa ta ƙone, wato abin da ke hana inji tashi da kansa sai an danna maɓalli. Sabuwa ba ta zo ba, aiki kuma ba zai tsaya ba, sai na haɗa wayar kai tsaye. Ma'ana, muddin babban suwic yana sama, da an kawo wuta miksa zai tashi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Na ce na kwana biyu ne. Ya kai wata guda a haka.

Ranar da abin ya faru saura kwana biyu Babbar Sallah. Tun safe babu wuta, janareta kuma yana kwance. Motocin masu gidan kaji sun yi layi har bakin titi, kowa yana so ya ɗauki kaya kafin hutu. Manaja ya yi ta safa da marwa yana cewa, "Foman, da an kawo wuta ban yarda minti ɗaya ya tafi a banza ba." Tun da hantsi na ce wa Malam Sale ya yi amfani da rashin wutar ya kankare dusar da ta daskare a cikin miksa. Ya ce to. Da aka kira Azahar ma'aikata suka nufi masallacin bakin ƙofa. Ni kuma ina da wani uzuri, kuma ina jin kunyar faɗinsa: ɗinkin Sallah nake so in karɓo wurin tela a Doka kafin ya rufe shago. Shi ke nan uzurin. Riga da wando. Na san in na fita aka kawo wuta suwic yana kulle, Manaja zai ɗaga mini hankali. Na je wurin suwic na ga kwaɗon Malam Sale a maƙale da katinsa. Na ɗaga kai daga ƙasa na kira, "Sale!" sau ɗaya. Shiru. Na duba gindin ginshiƙin da yake ajiye butarsa shuɗiya, babu buta. Sai na ce a raina ai ya tafi alwala, ya gama aikin ya bar kwaɗo a maƙale. Matakala goma sha biyu ce tsakanina da bakin miksa. Ban hau ba. Me zai hana ni hawa? Ƙafata lafiya lau, idona lafiya lau. Sauri kawai, da jin cewa ni ne foman, na san komai. Na je durowa na zazzage gwangwanin, na gwada makulli na uku ya buɗe. Na ɗaga suwic sama, na jefa kwaɗon a aljihuna da niyyar in na gan shi a masallaci in miƙa masa in yi masa tsiya, in ce yau ga sarkin kwaɗo ya bar kwaɗonsa.

Ban kai bakin ƙofa ba na ji direbobi sun ɗauki sowa, "An kawo! An kawo!" Sai na ji miksa ya tashi. Sai na ji wata ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irinta ba. Ashe yana ciki. Ya naɗe kansa da fuskarsa da rawani saboda ƙurar dusa, yana durƙushe a can ƙarshen injin, bai ji kirana ba. Butar kuwa wani direba ne ya ara. Na ruga da gudu na fizgo suwic ƙasa. Ni na fara hawa matakalar nan da na ƙi hawa ɗazu, ni na shiga na ɗaure masa dantse da bel ɗin wandona, ni na goya shi har mota. A asibiti aka yanke hannun daga ƙasan gwiwar hannu. Ƙafarsa ta karye wuri biyu, har yau yana ɗingishi.

Kun san abin da mutane suka ce? Foman jarumi ne. Ba don Foman ba da sai dai a kwashe shi a buhu. Ina tsaye a barandar asibiti ana dafa kafaɗata ana sa mini albarka, kwaɗon mutumin yana aljihun wandona yana taɓa cinyata.

Da ya farfaɗo, Manaja ya je duba shi, ina tare da shi. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Sale, kai da kowa ya sani, yaya aka yi ka shiga ba ka kulle ba?" Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Ranka shi daɗe, wallahi na kulle. Ku duba aljihuna, makullin na nan." Aka duba rigar aikinsa, ga makulli. Manaja ya juyo ya dube ni. "Foman, da ka je sauke suwic ka ga kwaɗo?" Wannan ita ce damata. Kalma kaɗan ce. Na ce, "Ban gani ba, ranka ya daɗe." Manaja ya ce to in makulli yana nan, kwaɗon ma yana wani wuri, gobe a bincika. Tsoro ya kama ni, na ga ɗan sanda, na ga kotu, na ga 'ya'yana bakwai, na ga sunana a bakin mutanen unguwa. Washegari na riga kowa isa wurin aiki, na danne kwaɗon ya kulle, na tura shi ƙarƙashin sifanoni a akwatin kayan aikin Malam Sale. Wannan ba kuskure ba ne. Buɗe kwaɗon zan iya kiransa ganganci, amma wannan da hankalina na yi, na ma tsaya na goge shi da gefen rigata. Da aka buɗe akwatin a gaban mutane aka gan shi, magana ta ƙare. Ba wanda ya tambayi wa ya ɗaga suwic, kowa ya ɗauka tun da aka ɗauke wuta yake sama. Ba wanda ya tambayi yadda miksa ya tashi da kansa, domin ni ne wanda za a tambaya, kuma kafin sati ya zagayo na sa sabuwar sitata.

Ni aka aika in kai masa labari. Da na faɗa masa inda aka ga kwaɗon sai ya ce, "A akwatina?" Na ce, "A akwatinka." Ya ce, "Amma Foman, ina ganin hannuna lokacin da nake danna shi. Har ƙarar na ji." Na ce, "Wataƙila na jiya kake tunawa, Malam Sale. Abin da mutum ke yi kullum yakan rikice masa." Ni na faɗi haka. Da bakin nan nawa. Sai hawaye ya gangaro masa ya ce, "To, ashe na manta. Allah shi yafe mani, na cuci ɗiyana." Aka sallame shi daga aiki a matsayin wanda ya karya doka. Ni na ƙara shekara goma sha ɗaya a wurin, har aka yi mini walimar ban kwana.

Ya koma Katabu ya buɗe ɗan teburin kayan masarufi a ƙofar gidan da yake haya. Na riƙa kai masa ziyara, ina kai hatsi, ina kai abin da ya samu, mutane suna cewa ba a taɓa ganin amana irin tawa ba. Amana! Kun taɓa zama cin tuwo da mutumin da yake ba ku haƙuri don zai sa hannun hagu a kwano? Duk lokacin da muka zauna sai ya ce, "A yi mani uzuri, Alhaji," kamar yau ya fara. Kun taɓa ganin dattijo yana fama da buta, ya matse ta da gwiwa yana karkato ta don ya yi alwala? In za a gaisa a masallaci sai ya miƙa dungulmin hannun ya tallafe shi da na hagu, don kada a ce ya ba mutane hagu. Ni kuma ina gefe da hannuwana biyu.

Sai abin ya ƙara cakuɗewa. Babban ɗana ya ga babbar 'yar Malam Sale a irin ziyarar da muke kaiwa, suka daidaita kansu. Na so in hana, amma da wane dalili? Da muka je neman aure, Malam Sale ya hana waliyyinmu ƙarasa magana. Ya ce, "Mutumin da ya ciro ni daga bakin mutuwa zai zo roƙon ɗiya wurina? Na ba shi, ko ba a tambaya ba." Yanzu shekararsu tara, 'ya'yansu uku, na farin sunan Malam Sale aka sa masa. Yarinyar nan ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, Baba take kirana, in na yi rashin lafiya ita ke dama mini kunu. In ta san ni na mayar da ubanta haka, da wane ido za ta dubi ɗana?

Kada ku ce ban gwada ba. Na gwada, kuma abin da ke ƙona mini rai ke nan, kullum sai in kai bakin maganar in dawo. Da zan tafi aikin Hajji na je sallama kamar yadda aka saba. Na shirya maganata tun daga gida, na maimaita ta a mota har Kawo. Da na zauna a tabarmarsa sai na ji bakina yana cewa, "Malam Sale, ka yafe mini abin da na yi maka, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba." Ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, kai mi ka yi mani ban da alheri? Na yafe duniya da lahira. Ka dai yi mani addu'a a can, Allah shi raba ɗiyana da irin sakacina." Na tashi na tafi da wannan yafiyar, na san ta bogi ce. Ya yafe wa foman ɗin da ya cece shi, bai yafe wa wanda ya buɗe kwaɗo ba, don bai san da shi ba. Na tambayi malamai biyu, ina fakewa da cewa wani abokina ne. Ɗaya ya ce hakkin mutum ba ya sauka sai an faɗa masa abin da aka yi masa ya yafe da saninsa. Ɗayan ya ce in faɗin zai haifar da ɓarnar da ta fi ta farko, a yi ta kyautata masa ana istigfari. To wanne zan bi? Kowanne na ɗauka sai in ji kamar na zaɓi wanda ya yi mini daɗi ne.

Bara na kasa riƙewa na gaya wa maiɗakina. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Malam, shekara ashirin kana kwana da wannan ban sani ba?" Na ce eh. Ta ce, "To ka ci gaba da riƙe abinka. Hannu dai ba zai dawo ba. Kai kana so ka sauke kayanka ka huta, sai ka ɗora wa yaran nan? Gidan ɗanka za ka rushe don ka samu barci?" Na ce, "To shi fa? Mutumin nan kullum yana zargin kansa." Ta ce, "Da ka tuna da haka tun a asibiti." Tun ranar ba ta ƙara tayar da maganar ba, amma in surukarmu ta zo gidan sai ta shige ɗaki ta bar mu. Ban ce ta yi ƙarya ba. Abin da ya dame ni ke nan, kowa ya yi magana sai in ga yana da gaskiya, ni kaɗai ne ba ni da ita.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne wannan. Wani maƙwabcina yana da injin casar shinkafa a hanyar Zariya, kusa da Katabu. Makon jiya saura ƙiris bel ya tafi da hannun wani ma'aikacinsa, magidanci mai iyali, sai Allah ya taƙaita ya tsaya a hannun riga. Ya roƙe ni in je in duba masa wurin, in kuma yi wa ma'aikatansa magana ranar Asabar. Na je na duba. Wallahi abin da na gani ya cika ni da takaici. Babban suwic ko murfi babu. Ba kwaɗo ko ɗaya a wurin. An ɗauke wuta, ga mutum ya zura rabin jikinsa cikin inji yana ciro tsakuwa. Na daka masa tsawa na ce ya fito. Ya fito yana dariya ya ce, "Baba, ai babu wuta." Na ce, "In aka kawo fa? Za a aiko maka da takarda ne?" Ya ce, "Ai na gaya wa su Oga ina ciki." Na ce, "In Oga ya tafi salla wani ya zo ya kunna fa?" Sai wani daga gefe ya ce, "Baba, abin da Allah ya rubuta ba kwaɗon da zai hana." Suka kwashe da dariya. Ina so in kama su in girgiza, in ce ni nan da kuke gani na san yadda ƙarar take, na san nauyin mutum in an goya shi jini yana bin bayanka. Allah ya rubuta, gaskiya ne, amma Allah ne ya ce in ƙi hawa matakala? Allah ne ya ce in adana makullan da aka ce in karya? Na sa mai wurin ya sayo kwaɗuna, na karya sauran makullan da hannuna a gabansu, ɗaya yana cewa, "Kai, Baba, asara!" Na ji kamar muryata ce ta dawo mini.

A hanyar dawowa na tsaya wurin Malam Sale, na yi kuskuren ba shi labari. Nan take ya ce zai zo ranar Asabar. Na ce ba sai ya wahalar da kansa ba. Ya ce, "A'a Alhaji, yaran yanzu ba su jin magana sai sun gani da ido. In naɗe hannun riga in nuna masu. In ce masu ku dube ni, shekara da shekaru ina kullewa, rana ɗaya tak na manta, ga abin da ta jawo mani." Na ce masa wurin da ƙura, ga ƙafarsa. Ya ce ko da rarrafe zai je. Har ya ba da wankin babbar rigarsa.

Jiya da la'asar ya sa aka kawo shi gidana a babur, wai yana so ya gwada abin da zai faɗa in ji ko ya yi daidai. Muka zauna a zaure. Ya fara tun daga safiyar ranar, yana faɗi yana tsayawa. Da ya zo wurin kwaɗon sai ya shafa dungulmin hannun, ya ce, "Ka san wani abu, Alhaji? Har gobe in na rufe ido ina ganin na kulle shi. Na bar faɗa wa mutane don kada a ce na taɓu. Shekarun nan duka ko ƙofar shago na rufe sai na koma sau uku na taɓa, ban ƙara yarda da kaina ba. In mutum zai iya tuna abin da bai yi ba, to mi ya rage mashi?" Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai ga jikanmu ya shigo da gudu ya faɗa jikinsa, maiɗakina kuma ta turo da ruwa tana kallona ta bakin labule. Na ce, "Sha ruwa, Malam Sale." Da zai tafi ya riƙe hannuna da hagunsa ya ce, "Ranar Asabar ka tsaya kusa da ni. In na rikice ka gyara mani, kai ne ka ga komai."

To jama'a, ga inda nake. Ashe ba hannu kaɗai na raba shi da shi ba, har da yarda da hankalinsa, kuma wannan ita ce kaɗai abin da zan iya mayar masa. In na yi shiru, ranar Asabar zan tsaya a gefensa ya yi wa kansa shaidar zur a gaban mutane ina gyaɗa kai, kuma ma'aikatan nan za su tafi da rabin darasi, su ɗauka mantuwa ce kaɗai ke cin hannu, alhali wanda ya cuce shi mutum ne mai makullin da bai kamata ya riƙe ba. In na faɗa, ban san abin da zai rage tsakanin ɗana da matarsa ba, ban san ko zuciyar dattijon nan za ta ɗauka ba, mutum ne mai hawan jini. In same shi shi kaɗai kafin Asabar? In fara gaya wa ɗana? In tafi da wani malami ya zauna a tsakaninmu? Ko in bi maganar maiɗakina in mutu da abina, in je in same shi a gaban Allah? Na gaji da juya maganar nan ni kaɗai. Don girman Allah, wanda ya san ya kamata ya faɗa mini, ni yanzu me zan yi?

Ku kuma da kuke aiki a gindin inji, ko kun ba ni amsa ko ba ku ba ni ba, ina roƙonku abu ɗaya. In kun ga kwaɗon wani a kan suwic, ku bar shi, ko wa ke jira a waje. Ku taka ku nemi mai shi, ku gan shi tsaye a gabanku da idonku, shi ya buɗe abinsa da hannunsa. Kada wani ya yi abin da na yi.